Makarantarmu za ta iya zama wurin duba lafiyar gari?

Tambaya: Ni hedimasta ne a wata firamare ta ƙauye. Asibitin da ya fi kusa da mu yana can hedikwatar mazaɓa, idan damina ta zauna kuma hanya yankewa take yi. Kwamitin makaranta ya kawo shawarar mu ware aji ɗaya ya zama ɗakin shan magani, malamai su riƙa kula da shi, ɗalibai da mutanen gari duk su amfana. Wasu malamaina sun ce wannan ba aikinmu ba ne. Makaranta za ta iya ɗaukar irin wannan hidima? In za ta iya, ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara girma. Zan fara da abin da ba zai yi wa kwamitinku daɗi ba: ɗakin magani da malaman aji za su riƙa kula da shi, kada ku buɗe. Malamin da aka horar ya koyar da lissafi ba shi da hanyar gane ko zazzaɓin yaro na cizon sauro ne ko sanƙarau ne ke shigowa, kuma ranar da aka ba wani yaro magani abin ya zo da tsautsayi, ba wanda zai tuna kwamiti, hedimasta za a nema. Ga shi magani ba ya jure ajiyar banza. Zafin bazara a aji mai rufin kwano ba silin yana rage ƙarfin magunguna da yawa tun wa'adinsu bai cika ba. Kwalin da ba mai lissafinsa kuwa, ko ba daɗe ko ba jima za a gan shi a tiren mai tallar magani ranar kasuwa.

Amma tunanin da ya haifi shawarar mai kyau ne, kuma mu da muka yi aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma mun daɗe muna neman hedimasta mai irinsa. Yaro daga haihuwa zuwa shekara biyar muna da hanyoyin riskarsa: rigakafin jarirai, makon lafiyar mata da ƙananan yara da ake yi sau biyu a shekara, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bayarwa da damina. Da ya haura biyar sai ya ɓace mana. Ba ma sake ganinsa sai ranar da aka kawo shi a kan babur, ciwo ya ci ƙarfinsa. Wurin da ke riƙe da sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, yake kuma ganin fuskarsa kwana biyar a mako, makarantarka ce. Yaran da ma'aikacin lafiya zai kwashe mako yana bin lungu bai gama gani ba, a filin makaranta kafin azahar ya gama da su.

Saboda haka rabon aikin a fili yake. Ku kawo wuri, da yara, da rajista, da yardar iyaye. Asibiti ya kawo ma'aikaci da magani da allura, ya kuma ɗauki alhakin abin da ya biyo baya. Kada ka ji tsoron a ce ka wuce gona da iri: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar kula da lafiya a makarantu tun 2006, sai dai irin waɗannan takardu ba kasafai suke isa ofishin hedimastan ƙauye ba.

Ruwa da makewayi su ne farko, kuma su aka fi son tsallakewa saboda gyaran famfo ba ya kawo baƙi daga birni. Makarantar da yara ke zagayawa bayan aji su yi bayan gida, in an fita tara su ci ƙosai da awara ba wanke hannu, ita da kanta take raba cutar da kuke son buɗe ɗaki ku yi wa magani. Tsutsar ciki, gudawa, taifot, duk hanyarsu ke nan. Wurin wanke hannu ba ya buƙatar kwangila: jarka, igiya, sandar da za a taka da ƙafa, da sabulu, in babu sabulu toka. Makewayin mata a ware shi daban, ƙofarsa tana rufuwa daga ciki, da buta da ruwa. Yarinyar aji biyar ko shida da ta fara al'ada, in babu inda za ta gyara jikinta, gida za ta zauna kwanakin, ba kuma za ta taɓa gaya wa malami dalili ba. Daga fashin wata-wata ake kaiwa ga barin makaranta. Na sha zuwa makarantar da ke da makewayi sabo fil an garƙame shi da kwaɗo, makullin yana aljihun malami wai kada yara su ɓata. In kuna da famfon tuƙa-tuƙa, kada ku hana mutanen gari ɗiba. Ku sa lokaci, ku sa ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa don gyara. Famfon da gari ke sha ba ya daɗewa a lalace, wanda aka ce na gwamnati ne kuwa sai ya shekara.

Aikin da ya fi nuna amfanin makaranta ƙarara shi ne rabon maganin tsutsar ciki da na tsargiya. In garinku yana kusa da madatsar ruwa, ko fadama, ko magudanar noman rani irin na Kadawa da Bakolori, ko dausayi irin na Haɗeja da Nguru, ko ma kududdufin da ba ya ƙafewa da wuri, ka sa malami ya tambayi yara maza ɗaya-ɗaya, ba a gaban 'yan'uwansu ba, wa ke ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. A wasu garuruwa an saba da abin har ana ɗaukarsa alamar balaga ga ɗa namiji, alhali tsutsa ce. Tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar yaron da ke wanka ko kamun kifi ko shayar da dabbobi, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan ne ke raunata mafitsara jini ya fito, shi ne kuma ke komawa ruwa in yaron ya yi fitsari a ciki. Jininsa ya yi ta raguwa, ya rame, ya riƙa gyangyaɗi a aji ana ce masa malalaci. In ta daɗe takan taɓa ƙoda, har takan kai ga ciwon dajin mafitsara. 'Yan mata ma suna kamuwa, a jikinsu kuma takan shafi mahaifa da gaba, a yi ta shan maganin sanyi ba a san ita ce ba.

Maganinta, praziquantel, kyauta ake samun shi ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kamfanin Merck na Jamus ke bayarwa, ta ma'aikatar lafiya ta jiha kuma yake saukowa ƙananan hukumomi. A irin wannan rabo ne kaɗai za ka ga an ba malamin aji magani ya bayar, shi ma bayan an yi masa bita, ma'aikacin lafiya kuma yana kusa. Ba a buƙatar sikeli. Sanda ce mai zane-zane ake tsayar da yaro a jikinta, tsawonsa ya nuna guda nawa zai sha. Abu ɗaya nake roƙon ka riƙe: kada a ba yaro wannan magani cikinsa ba komai. Ƙwayar babba ce, ga ɗaci, tana kuma sa jiri da tashin zuciya da murɗar ciki, musamman ga wanda tsutsar ta yi wa yawa. Yara biyar su yi amai, ɗaya ya zube ƙasa, kafin la'asar labari ya kai ƙarshen gari cewa an ba yara guba a makarantar boko, baɗi kuma ranar rabon magani aji zai zama wayam. Don haka a sanar da iyaye tun kwana biyu kafin ranar, kowa ya karya kumallo sosai, wanda ya zo bai ci ba a nema masa ko da kunu ne. A faɗa musu tun da wuri cewa wasu za su ji jiri kuma zai wuce. Yaron da ba shi da lafiya ranar a ɗaga masa. Bayan an sha a bar su a inuwa na ɗan lokaci kafin a sallame su. Ka kuma sani maganin nan, tsutsar da ke jiki kawai yake kashewa, ba ya hana sabuwa shiga, shi ya sa ake maimaita shi, shi ya sa kuma na gabatar da maganar famfo.

Allurar rigakafi ita ce inda gaggawa ta fi yin ɓarna. A watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, allura ɗaya tak, kuma Kano, Jigawa, Bauchi da Kebbi suna cikin jihohin zagayen farko. A shekarar ne kuma mashaƙo ya yi ta'adi, Kano ta fi kowa jin jiki, yawancin waɗanda ya kama kuma yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Duka biyun, makaranta ce inda ya fi sauƙi a sami yaran. To amma ka san ƙasarmu. Mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wannan tabo kuma yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta sake tsallakawa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Uban da ya ƙi allura, sau da yawa ba wanda ya taɓa zama ya yi masa bayani ne.

Ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ita ce, ba a yi wa yaro allura a makaranta mahaifinsa bai sani ba. Ko da ma'aikata sun zo da takarda daga sama suna saurin cike adadin da aka ɗora musu, ka ce su dakata. A fara da dagaci da masu unguwanni da liman, a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, a kira taron iyaye, ma'aikacin lafiya ya tsaya ya amsa tambaya har da mai zafi, irin ta ko allurar tana hana haihuwa. Ba ta hanawa, amma daga bakin wanda ya san aikin ya kamata uba ya ji. Sarakunan Arewa suna da kwamitinsu na lafiya matakin farko tun 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi, don haka dagacinku ba baƙon wannan hidima ba ne. Wanda ya ce bai yarda ba a ƙyale 'yarsa, kada a kore ta, kada a kunyata ta a gaban aji. Da yawansu in suka ga 'yar liman da 'yar dagaci sun karɓa ba abin da ya same su, zagaye na gaba da kansu za su kawo nasu. In kuwa aka yi wa yarinya ba da sanin gidansu ba, uban zai iya cire ta da ƙannenta daga makarantar gaba ɗaya.

Ciyarwa ba zan daɗe a kanta ba, don ba a hannunka take ba. Shirin gwamnatin tarayya na 2016 ya fara da naira 70 kan kowane yaro daga aji ɗaya zuwa uku, matan gari ke dafawa, inda ya yi aiki kuma azuzuwa sun cika. Sai dai kuɗi kan yi jinkiri, tsadar kaya ta cinye kasafin, a farkon 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Kada ka ɗora komai a kan abincin da ba ka san ranar zuwansa ba. Kwanon gero ko na wake daga kowane gida da kaka ya fi ɗorewa. In kuwa ana girki, ka sa ido kan inda ake ajiye mai da hatsi. A 2013 yara 23 suka mutu a wata firamare a jihar Bihar ta Indiya bayan sun ci abincin rana da maganin ƙwari ya gurɓata, mu kuma a ƙauyukanmu ana wanke jarkar maganin feshi a zuba man gyaɗa, ana barbaɗa wa wake magani don kada ya yi ƙwari.

To me ya rage wa malamai? Lura. Malamin aji shi ya san wanda ke matse ido in ya kalli allo, da wanda sai an kira sunansa sau uku, da mai ƙazuwa a tsakanin yatsu, da mai makero a ka, da wadda tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari fat. Gwajin gani da allon harafin E, gajeriyar bita ta isa malami ya iya, kuma yara da yawa da aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci tabarau suke buƙata, ko a dawo da su bencin gaba. Malamai su san masu sikila, a bar su su sha ruwa su fita fitsari ba tsawa, a ɗauke musu aikin ƙarfi da bulala. Su san abin yi in farfaɗiya ta kama yaro: a kawar da benci, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, a kuma gaya wa sauran yara ba a ɗaukarta ta miyau. Akwatin taimakon gaggawa ya tsaya kan bandeji, auduga, safar hannu, ma'aunin zafin jiki, haɗin gishiri da sukari, da audugar mata a hannun malama. Ban da allura, ban da kafso.

Abin da malami ya gani ya rubuta a 'yar takardar turawa, yaro ya tafi da ita asibiti, ma'aikaci ya rubuta abin da ya yi a bayanta a maido. In mako ya wuce ba ta dawo ba, wani daga kwamiti ya leƙa gidan, domin gano ciwo ba a kai yaro inda za a yi masa magani ba ƙarin damuwa ne kawai ga iyaye. Sai sirri. Yarinyar da aka gano tana da ciki, ko yaron da ke shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ko wanda aka ci zarafinsa, ba zancen ofishin malamai ba ne balle filin asambile. Mutum ɗaya ko biyu su sani, a nemi jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Yanzu ajin da kuke son warewa. Ku ware shi, amma da sunan masaukin ma'aikatan lafiya. Asibitin matakin farko an ɗora masa fita ƙauyukan da ke nesa da shi ya yi rigakafi da awon ciki, abin da yakan hana yawanci kuɗin mai ne da rashin wurin zama mai mutunci. Ka ɗauki shugaban kwamitin makarantarku ku je wurin incajin asibitin, ku kuma nemi shugaban kwamitin raya mazaɓa, wanda shi ne idon jama'a a kan asibitin. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, wani kaso yana shiga asusun zaɓaɓɓun asibitocin mazaɓu kai tsaye, kwamitin mazaɓa kuma yana da ta cewa kan yadda ake kashe shi. In naku yana ciki, man babur sau ɗaya a wata ba abin da za a ce babu ba ne. Ku tsayar da ranar da ba ta canjawa, misali Alhamis ta farkon kowane wata, don mutane su haddace. Ku tanadi teburi, benci, labule, ɗan gado don awon ciki, da bokitin ruwa. Ma'aikaci ya zo da akwatin sanyinsa da magungunansa ya koma da su, har da allurorin da aka yi amfani da su, kada a bar ko ɗaya a juji yara su tsinta. Yarjejeniyar a rubuta ta, sakataren ilimi da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma su sa hannu, don in an yi wa ɗayanku canjin wurin aiki abin ya ci gaba.

Da dalili na ce Alhamis. Raunin duk shirin da aka rataya wa makaranta shi ne, yaran da suka fi buƙata ba sa cikinta. UNICEF ta daɗe tana cewa fiye da yara miliyan 10 a Najeriya ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa. Almajirin da ke wanka da wanki a kududdufi ya fi ɗan aji huɗu kusanci da tsargiya, yarinya mai talla da ba ta taɓa shiga aji ba ita ma tana cikin 'yan shekara 9 zuwa 14, haka yaran ruga. In aka tsaya kan rajistar boko, waɗanda da ma suka fi sauƙi aka ƙara wa. Makarantun allo suna hutu Alhamis da Juma'a, boko kuma tana buɗe, ga ranar haɗa kowa. Ka je wurin alaramma da ƙafarka, ba aike ba. In ya fi son ma'aikata su same shi a tsangayarsa, a bi shi can. Malaman Islamiyya su ke riƙe da 'yan mata da matan auren da boko ba ta gani, ba a yin wannan tafiya ba su. Arɗo ma a sanar da shi.

Da ranar ta kafu, wasu hidimomin za su biyo ta. Jami'in hukumar ƙidaya zai iya zuwa ya yi wa yara takardar haihuwa, wadda rashinta ke wahalar da mutane daga baya. Ajin da ke zama fanko da yamma ya ɗauki yaƙi da jahilci na manya. Ƙungiyar iyaye mata, irin wadda shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF ya ƙarfafa a Bauchi, Katsina, Neja, Sakkwato da Zamfara, ita ta fi kowa sanin gidan da aka cire yarinya aka ɗora mata talla, da gidan marayun da ba a ɗora tukunya, kuma dattijuwa tana shiga inda kai ba za ka shiga ba.

Malamanka da suka ce ba aikinsu ba ne, ka saurare su, akwai abin da suke karewa. Duk mai son taron jama'a makaranta yake nufa: zaɓe, rabon taki, ɗan siyasa mai duba lafiya kyauta gab da ƙuri'a. Kowannensu yini guda yake ci daga karatun yara. Mun ga iyakar abin a Maiduguri, inda 'yan gudun hijira suka cika makarantun gwamnati daga 2014, karatu ya tsaya tsawon lokaci. Dole ce ta sa, amma ɗalibai ne suka biya. Don haka rana ɗaya a wata, ɗaki ɗaya, ana kiran yara aji-aji sauran suna karatu. In kwalara ta ɓulla kada ka yarda a mai da aji wurin kwantar da masu amai da gudawa. Ga kuma tsaro: bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara da Jangebe da Kuriga, ba hedimastan da zai bar ƙofa a buɗe ga kowa. Baƙon da ya zo da farar riga da kwalin magani ba takarda daga ƙaramar hukuma, ko wace ƙungiya ya ambata, ka ba shi ruwa ya sha ka sallame shi.

Saura damina, wadda ziyarar wata-wata ba ta warware ta. Mace mai naƙuda ko yaro mai jijjiga da tsakar dare ba za su jira Alhamis ba. A jihohin Arewa da dama akwai tsarin da aka yi da ƙungiyar direbobi ta NURTW na kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa, ka tambaya ko ya iso mazaɓarku. In bai iso ba, ku ajiye ɗan asusu da lambar masu babur da aka yi magana da su tun kafin ruwa ya sauka. Ku kuma nemi a saka 'yan garinku cikin ma'aikatan CHIPS, shirin da aka ƙaddamar a 2018 don horar da mutanen gari su kula da ƙananan cututtuka su tura wanda ya fi ƙarfinsu. Akwai kuma mataki na ƙarshe, samar da ma'aikaciyar lafiya 'yar garinku, wanda ya fi ɗaukar lokaci, amma shi ya fi kama da aikinka. Ma'aikaciyar da aka turo daga birni ba kasafai take zama a ƙauye ba, 'yar gari ce ke zama. Shirin Women for Health da ya yi aiki a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara daga 2012 a kan wannan ya ginu: gari ya zaɓi yarinyar da ta gama sakandare, a ba ta shekarar share fage ta gyara sakamakonta, ta shiga makarantar ungozoma ko ta koyon aikin lafiya, da alkawarin za ta dawo gida ta yi aiki. Ka buɗe tsofaffin rajistocinka ka duba cikin 'yan matan da suka bar hannunka suka wuce sakandare, wa ke da kiredit a Turanci da lissafi da darussan kimiyya, ko ta kusa. Ita kwamiti zai tara wa kuɗin fom da na makaranta, a fara da zuwa gaida mahaifinta, in tana da aure kuma a haɗa da mijinta.